Mai Ɗebo Ruwan Bagaja da Mai Ganin Kitsen Rogo

Samari biyu ne suka bar gida a littattafai biyu da kusan duk wanda ya zauna ajin Hausa a sakandare ya san su. Na farko Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, wanda ya fita neman wani ruwa da ba wanda ya taɓa gani, ya dawo da shi, ya warkar da ɗan sarki, ya zama abin kwatance. Na biyu Ibrahim na Kitsen Rogo, wanda ya bar ƙauye ya nufi birni neman abin da dubban mutane suka nema suka samu, ya ƙare cikin miyagun abokai da aikata laifi. Da za a ba ni labarin su biyun a daren da za su tashi, ba a gaya mini ƙarshe ba, a ce in zaɓi wanda tafiyarsa ta fi hankali, Ibrahim zan zaɓa. Birni wuri ne da ke nan, akwai motar zuwa, akwai ta dawowa. Ruwan Bagaja kuwa ko wanda ya ambace shi a fada bai san inda yake ba. Amma littattafan sun yanke cewa Alhaji ne gwarzo, Ibrahim ne wanda ya yi wauta.

Ƙorafina a kan wannan hukuncin yake, domin ina ganin har yau da shi muke auna kasada, a littafi da wajen littafi. Muna jiran mu ga yadda abu ya ƙare, sannan mu koma baya mu ce wanda ya yi shi mai hangen nesa ne ko mai ganganci. Mai kyautata zato idan ya dace sai a ce jarumi. Mai munana zato idan abin da ya ji tsoro ya faru sai a ce dattijo. Abin da kowannensu ya sani a lokacin da yake yanke shawara, da abin da zai rasa in ta ɓaci, ba mai tambaya.

Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja ne don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934 tare da Ganɗoki da Shaihu Umar da Jiki Magayi da Idon Matambayi. Wannan na ƙarshen na Malam Muhammadu Gwarzo ne, kuma abin takaici ne yadda mu ’yan wannan yankin muka fi sanin littafin mutumin Kagara fiye da na mai sunan garinmu. Labarin ɓarayi ne da dabarunsu, duniyar da munana zato ya zama kayan aiki, don wanda ya yarda da abokin sana’arsa ya kwana ciki. Sai dai ba shi ya zama uban ƙagaggun labaranmu ba. Ruwan Bagaja ne ya zama.

Mu dubi yadda aka gina shi. Alhaji Imam da bakinsa yake ba da labarin, yana zaune a gidansa cikin wadata, baƙonsa Koje Sarkin Labari na saurare. Tun daga nan an cire wa mai karatu fargaba. Duk ramin da Alhaji zai faɗa, duk sharrin da Malam Zurƙe ɗan Muhamman zai ƙulla masa, duk hukuncin da wani sarki zai yanke masa, mun san zai fita, tunda ga shi nan a zaune yana magana. Abin da ya rage shi ne mu ga ta wace dabara. Dalilin fitarsa ma ba lissafi ba ne, zuciya ce: an yi wa Liman, mijin mahaifiyarsa, dariya a fada don ya ce ruwan zai warkar da ɗan sarki, shi kuma ya ɗauki alkawarin wanke shi. Bai san gabas zai nufa ko yamma ba. Sa’a ce ke ɗaukarsa daga gari zuwa gari, a ƙarshe ma sai da aljanu suka sa hannu.

Ba laifin Imam nake gani ba. Ban dariya ya rubuta, ya kuma iya, har gobe ba a yi wanda ya kama ƙafarsa wajen sa mutum ya ƙyalƙyale shi kaɗai a ɗaki ba. Abin da nake nunawa shi ne cewa labarin kasada daga bakin wanda ya tsira ba labarin kasada ba ne. Samari nawa ne za su iya fita daga Kwantagora da irin wannan niyya, kura ta cinye wani, zazzaɓi ya kwantar da wani, wani ya ƙare bawa a ƙasar da ba a jin harshensa? Ba mai zuwa gidansu ya zauna jin labari, don ba su da gidan. Littafin na ɗaya ne cikin ɗari, sauran casa’in da tara ba su da marubuci.

Bayan shekara arba’in da wani abu sai Abdulƙadir Ɗangambo ya zo da kishiyar. Kitsen Rogo ya fito ne a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ke janye matasa daga gona, gwamnatin Obasanjo kuma ta ƙaddamar da shirinta na ciyar da ƙasa a 1976 tana roƙon mutane su koma noma. Sunan littafin kaɗai ya gama shari’a kafin a buɗe shafin farko: abin da kake hange a birni fari ne kawai, ba maiƙo. Ibrahim bai da wata hanya sai ya lalace, don in ya samu aikin masaƙa a Bompai ya riƙa aiko wa tsohonsa kuɗin taki, littafin ya rushe.

Abin da Ɗangambo ya faɗa game da birni gaskiya ne, kowa ya san yaron da ya tafi ya dawo ba shi ba. Inda littafin ya yi rowa shi ne wajen lissafa haɗarin zama. An zana ƙauye kamar tudun mun tsira, alhali matashin da ke Getso ko Garo a wancan lokacin bai daɗe da fita daga farin 1972 zuwa 1974 ba, sannan a 1975 cuta ta bi gonakin gyaɗa ta gama da su a faɗin Arewa, abin da dalar gyaɗar Kano ba ta sake farfaɗowa daga gare shi ba. Yaron da ya ga rumbun ubansa wayam shekara biyu a jere, ya ga gyaɗar da ake biyan haraji da ita ta ƙanƙance a gona, in ya ɗaure kayansa ya hau mota ba kitse ya gani a rogo ba. Haɗari biyu ya auna ya ɗauki wanda yake ganin ya fi sauƙi. Cirani ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tun kakanni ake yin sa, kuma shi kansa dabara ce ta rage bakin da ke cin hatsin gida da rani. Mai munana zato yakan manta cewa zama ma shawara ce, tana da nata farashin.

Littattafan biyu kamar suna faɗa da juna, amma dabararsu ɗaya. Marubuci ya riga ya zaɓi halin da yake so ya ɗaukaka, sai ya murɗa ƙaddara ta ba wa wannan halin gaskiya. Karin maganarmu ma haka suke, bibbiyu, kowa ya ɗauki wanda ya yi masa. Mai son tafiya ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, mai son zama ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duk gaskiya ne, kuma ba wanda zai gaya maka yau wanne ya kamata ka bi.

Sana’ata rubuta manhaja ce, kuma a can na fara ganin an ɗauki waɗannan halaye biyu a matsayin kayan aiki maimakon ɗabi’ar da aka haifi mutum da ita. Akwai wata matsala da duk mai gina rumbun bayanai ke fuskanta: mutum biyu na iya taɓa bayani ɗaya a lokaci ɗaya. A ce asusu ɗaya ne, maigida na cire kuɗi a wajen mai POS a Kabo, uwargida na tura kuɗi daga cikinsa ta waya a daƙiƙar. In ba a yi hattara ba, kowannensu zai ga kuɗin na nan, a fitar da abin da babu. Hanyoyin magance wannan biyu ne, kuma sunayensu a littattafan kwamfuta su ne kullen mai munana zato da kullen mai kyautata zato. Na farko yana ɗauka cewa lallai za a yi karo, don haka da ka taɓa bayanin sai ya garƙame shi, kowa ya jira ka gama. Ba a yin kuskure, amma layi na tsawo, aiki na tafiyar hawainiya. Na biyu yana ɗauka cewa da wuya a yi karo, sai ya bar kowa ya yi aikinsa, amma a daidai lokacin ajiyewa sai ya duba ko wani ya canza bayanin a bayan idonka. In an canza, a watsar da naka, ka sake daga farko.

Ba a tambayar injiniya wanne ne halinsa. Tambaya biyu ake yi: sau nawa karon ke faruwa, kuma in ya faru me za a rasa? Inda sakewa ba ta da tsada, kamar gyaran sunanka a shafin sada zumunta, kyautata zato ya fi. Inda kuskure ɗaya zai jawo abin da ba ya gyaruwa, sai a kulle, ko da mutane za su yi tsaki. A manhaja ɗaya za ka tarar da duka biyun, kowanne a muhallinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne, ko wanda ake kira mai kyautata zaton bai yarda da sa’a ba. Yana dubawa kafin ya ajiye, kuma ya tanadi hanyar komawa baya. Alhaji Imam ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

Ba sai an je jami’a ba kafin a ga wannan. Manomin yammacin Kano ya daɗe yana yi. Wanda ya yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko, kyautata zato ya yi, kuma da hujja: in ruwa ya sauka ya ɗore, ya riga kowa, in ya yi gardama, ’yan tiyoyin iri ya rasa, ya sake shuka. Amma mutumin nan ba zai zuba irinsa duka a binnen ba, kuma ba zai ba da gonarsa duka ga amfani ɗaya ba. Zai jera gero, ya gicciya dawa, daga baya ya sa wake a tsakani, don in damina ta yanke da wuri geron ya riga ya nuna, in ta yi tsawo dawar ta ji daɗi. Shekaru da yawa masana na kallon wannan a matsayin rashin wayewa, har sai da binciken David Norman a cibiyar nazarin aikin gona ta Samaru, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, ya nuna cewa haɗa amfani a gona ɗaya lissafi ne mai kyau, ta fuskar riba da ta fuskar tsaro. Wannan mutumin, mai ƙarfin hali a inda asara ƙarama ce, mai taka-tsantsan a inda abincin shekara yake, shi ne ya fi kowa iya kasada a ƙasar Hausa. A littattafanmu kuwa matsayinsa bai wuce tsoho mai yagaggiyar riga da ke yi wa jarumi addu’a a bakin zaure ba.

Mu a nan muna da namu Ruwan Bagajan na baka, wato labarin Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano. Duk yaron da ya tashi a Kabo an nuna masa sama an ce ga mutumin garinku can. Ya kafa Kabo Air a 1980, jiragensa suka fara tashi a 1981, a zamanin da Nigeria Airways ta gwamnati ce ke riƙe da sararin ƙasar, har ya kai ga mallakar manyan jirage ƙirar Boeing 747 masu jigilar alhazai. Yadda ake ba da labarin a majalisa, zuciya ce kawai: ya ƙudura, ya yi. Ba a cika ambaton cewa kasuwar da ya jingina da ita, aikin Hajji, kasuwa ce da ake sanin lokacinta da yawan mutanenta tun kafin shekara ta zagayo ba. Ba a kuma cika ambaton cewa a 2001, shekara guda kafin rasuwarsa, kamfanin ya janye daga jigilar cikin gida ya tsaya a kan alhazai da hayar jirage zuwa ƙetare ba. Wannan ja da baya ne, irin shawarar da mai ba da labari ke tsallakewa don ba ta da armashi, alhali a wurina ita ce babin da ya fi cancantar a rubuta. Sannan a dubi maƙabartar kamfanonin jiragen sama na ƙasar nan: Okada, Albarka, Bellview, Sosoliso, Chanchangi, har ita Nigeria Airways ɗin da aka rufe a 2003. Duk masu kyakkyawan fata ne suka kafa su. Kabo Air ɗin ma yau ba ta nan yadda take. Yaron da aka ba wa rabin labarin zai tashi yana zaton ƙarfin zuciya ne jari.

Wannan rabin labarin shi ne ya cika wayoyinmu. Littattafan da ake sakewa babi-babi a WhatsApp da Wattpad, waɗanda nake karantawa fiye da yadda zan so a sani, jikokin Ruwan Bagaja ne ko da marubutansu ba su taɓa buɗe shi ba. Yarinya marainiya ta bar ƙauye ba ta san kowa ba, ta faɗa gidan aiki, ɗan masu gida da ya dawo daga Ingila ya gan ta. Saurayi ya sayar da gadonsa ya shiga wata harka da ba a bayyana mana ba, bayan babi uku ga shi da gida a Abuja. Aljanun Imam sun koma attajirai, shi ke nan bambancin. Idan kuma marubuciya ta so wa’azi sai ta juya ta zama Ɗangambo: wadda ta fita neman karatu ko sana’a ta gamu da duk masifar da ke duniya, don a nuna cewa da ta zauna. Akwai masu fita daga wannan layi, Balaraba Ramat Yakubu ta yi tun a Alhaki Kuykuyo Ne, inda Rabi da aka kora da ’ya’yanta ta tashi da sayar da abinci, taku bayan taku. Amma ko a can sai da aka ƙona dukiyar mijin don a tabbatar mana wa ke da gaskiya.

Ba ina cewa littafi ne ya tura mutane MMM ba. Talauci da tsadar rayuwa sun isa su yi wannan ba da taimakon marubuci ba. Abin da nake cewa shi ne siffar labarin ɗaya ce, kuma kunnen da ya saba da ita ba ya jin ƙararrawa. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. Hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta ƙasa, wadda a lokacin Mounir Gwarzo ke shugabanta, ta yi gargaɗi a 2016, Babban Banki ma ya yi. Me ya fi gargaɗin ƙarfi? Hoton saƙon banki da wani ya tura a rukuni, yana cewa ga nawa ya shigo. Alhaji Imam ke nan zaune a gidansa yana ba Koje labari. A Disambar 2016 aka daskarar da asusun mutane. Bayan shekara takwas da ’yan watanni, a Afrilun 2025, CBEX ta maimaita wasan da sabon suna, ta kuma samu masu saurare.

A nan ne kuma nake rabuwa da ’yan ai-na-faɗa, masu ɗaukar duk abin da ya fito ta waya a matsayin damfara. Lokacin da matasa suka duƙufa dannan Hamster Kombat a 2024, bayan Notcoin ta ba wasu kuɗi na gaske a watan Mayu, an yi musu dariya iri ɗaya da wadda aka yi wa ’yan MMM, musamman da aka raba abin a Satumba ya zama bai taka kara ya karya ba. Amma abubuwan biyu ba ɗaya ba ne. Wanda ya danna waya ya rasa data da caji da barcin wasu darare. Binne ya yi, ruwa bai zo ba. Wanda ya sayar da akuyar uwarsa ko ya ci bashin adashe ya zuba a MMM, rumbun ya ɗauka ya kai caca. Wanda ya kasa bambance waɗannan biyun, ko da kullum hasashensa na fitowa daidai, ba gwanin auna haɗari ba ne, mai ƙin komai ne, kuma irinsa ne suka ce wa yara sana’ar POS da koyon rubuta manhaja ɓata lokaci ne. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin asara a zuciyar ɗan Adam ya fi daɗin riba mai girman daidai da ita nauyi. Ma’ana mai munana zato ma yana da nasa son zuciyar, sai dai nasa ya fi kama da hikima, shi ya sa ba a cika tuhumarsa ba.

Cikin littattafan 1934 akwai guda da bai murɗa ƙaddara don ya ba kowa gaskiya ba, shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An fi tuna shi da bauta da haƙurin malamin, amma ni mahaifiyar Umar ce ke tsaya mini a rai. Ta bar ɗanta a hannun wadda ta amince da ita ta tafi ganin iyayenta, shawarar da kowace uwa za ta iya yankewa, aka sace yaron. Ta tashi nemansa ita kaɗai, ta yarda da mutumin da ya ce zai kai ta inda yake, ya sayar da ita. Ta ƙetare hamada a matsayin baiwa. Ta ga ɗan nata a ƙarshe, ta rasu ba da jimawa ba. Shin fatanta ya yi mata rana ko ya hallaka ta? Littafin bai ce ba. Bai hukunta ta don ta fita ba, bai kuma saka mata da gidan sarauta ba. Makau ma, mijinta, gaskiyarsa ba ta hana a yi masa sharri a fada a kore shi ba. A wannan littafin mutum na iya yin daidai abin ya ɓaci, kuma wannan ne ya sa har yau in ka karanta shi gabanka ke faɗuwa, abin da ba ya faruwa da kai a Ruwan Bagaja. Malamanmu sun sha faɗa cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Abin da Tafawa Ɓalewa ya ƙara shi ne, wani lokacin ka ɗaure ɗin kuma a kwance shi.

Ɗaya gefen ne har yanzu marubutanmu ke gudu, wato mutum ya yi taka-tsantsan, abin da ya ji tsoro bai faru ba, kuma duk da haka shi ke da gaskiya. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, maƙwabtanmu, ɗauke da mutanen Badau, yawancinsu yara ’yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, kuma an danganta abin da lodin da ya wuce kima. Ba shi ne karon farko a wannan ruwa ba. Ba na ɗora wa iyayen da suka sa ’ya’yansu a ciki laifi, don wanda ruwa ya raba shi da kasuwa da asibiti, ba gada, ba rigar ruwa, ba wadatattun jirage, ba zaɓi aka ba shi ba. Abin lura shi ne, jirgi mai irin wannan lodi ya sha ƙetarewa lafiya kafin ranar. Kowace ƙetarewa ƙarin hujja ce ga mai cewa ba komai, har ranar da hujjar ta ƙare. Irin haɗarin da ake kullewa ke nan, don ba a sakewa daga farko.

Na san yadda yawancinmu za mu rubuta wannan in an ce mu mai da shi ƙagaggen labari. Za a sa wata uwa ta ji gabanta ya faɗi ta cire ɗanta daga jirgi, jirgin ya nutse, gari ya taru yana cewa Allah ya yi mata gyaɗar dogo. Kitsen Rogo ke nan a bakin ruwa: an kashe mutum talatin don a ba mutum ɗaya gaskiya. Babin da zai gwada marubuci shi ne na wata ranar daban, ranar da ba ta shiga jarida ba. Matar ta tsaya a gaɓa ta ga bakin jirgin saura ɗan yatsa ya sha ruwa, ta ƙirga kawuna, ta kamo hannun yaron ta ce ba za shi ba. Mai jirgi ya ce shekararsa ashirin a ruwan nan. Kishiyarta ta ce kullum ita ce mai baƙin baki. Jirgin ya tafi, ya isa lafiya, yara suka yi karatunsu suka dawo da alawa a aljihu. Ita kuma ta bi hanyar gida da yaro yana kuka yana fizge hannunsa, ga sabon ɗinkinsa da ba wanda ya gani, ga maigida na jiran ta a ƙofar gida ta yi masa bayanin kuɗin jirgin da aka riga aka biya.